An ce ƙarfen kafaɗar mahaifiyata ya saki: me hoton yake nufi?

"Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka ne daga Jega. Shekara bakwai ke nan da aka yi wa mahaifiyata aikin kafaɗar dama a Indiya, aka sa mata ƙarfe a madadin gaɓar da ta lalace. Ta samu sauƙi sosai, alhamdu lillahi. Sai a daminar bana ta fara cewa kafaɗar tana yi mata tsami idan ta ɗaga hannu. Mun je Birnin Kebbi an ɗauki hoto, aka ce an ga wani siririn baƙin layi tsakanin abin da aka sa da ƙashi. Wani ya ce ƙarfen ya saki sai an sake aiki, wani ya ce ba komai ba ne. Wanne za mu kama? Kuma sau nawa ya kamata a riƙa ɗaukar hoton, yawansa ba zai cutar da ita ba? Har an fara maganar sayar da gona a koma Indiya."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri a kan hidimar da kake yi mata. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko baƙin layin nan yana nufin gaɓar ta saki, yadda za a riƙa bibiyarta da hoto nan gaba, da kuma ko hoton kansa yana da illa. Zan fara da wanda ya fi gaggawa. Kada a sayar da gonar tukuna. Mutanen nan biyu da suka ba ku amsa, kowanne yana iya zama mai gaskiya, domin hoto ɗaya tal na rana ɗaya ba ya iya raba gardamar. Abin da zai raba ta shi ne a ɗauko hoton da aka yi mata bayan tiyata a ajiye kusa da na bana. Aikina karanta hotunan asibiti ne, kuma a irin wannan matsala tsohon hoto ya fi mini amfani a kan sabuwar na'ura.

Abin da aka sa mata

Mutanenmu suna cewa "an sa ƙarfe" kawai, amma aikin iri uku ne, kuma kowanne da inda yake fara lalacewa. Na farko shi ne a canza kan ƙashin damtse shi kaɗai, a bar gurbin da ke jikin allon kafaɗa yadda Allah Ya halitta. Wannan shi aka fi yi wa matasa masu amosanin jini, wato sikila, idan kan ƙashin ya mutu saboda jini bai isa gare shi ba, da kuma wasu da suka yi mummunar karaya. Na biyu shi ne a canza duka biyun: ƙwallon ƙarfe mai sanda da ke shiga ɓargon damtse, da wata roba mai tauri da ake mannawa a gurbin da simintin ƙashi. Wannan tsari ya samo asali ne daga aikin Charles Neer a New York, wanda ya fara da kan ƙarfe a shekarun 1950, daga baya aka ƙara robar. Na uku shi ne na juyi, inda ake ɗaure ƙwallon a jikin allon kafaɗa da sukurori, gurbin kuma ya koma kan damtse. Paul Grammont ne ya fito da tsarinsa na zamani a Dijon ta Faransa a 1985, ba a amince da shi a Amurka ba sai 2003, amma yanzu ya yaɗu ƙwarai, musamman ga tsofaffin da jijiyoyin kafaɗarsu suka tsinke.

Kai da kanka kana iya ganewa. Ka ɗaga fim ɗin zuwa haske. Idan ka ga rabin ƙwallo manne da allon kafaɗa da dogayen sukurori, na juyi ne. Idan ƙwallon yana kan damtse, kuma akwai ɗan fili tsakaninsa da allon kafaɗa da wani ɗan ɗigon waya a cikin ƙashin, to na biyun ne. Robar ba ta fitowa a hoto, shi ya sa masu ƙera ta suke saka mata wannan 'yar wayar don mu san inda take. Tunda ka ce layin yana tsakanin abin da aka sa da ƙashi, kuma shekara bakwai ne, zan fi mayar da hankali kan na biyun, domin a cikinsa ne aka fi samun wannan labari.

Kafin in ci gaba, ga abin da zai kwantar maka da hankali. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Rheumatology a 2020, wanda ya tattara rahotannin asibitoci da rajistar ƙasashe, ya nuna kusan tara cikin goma na irin waɗannan gaɓoɓi suna wuce shekara goma ba a sake aiki ba. Sai dai yawancin mutanen da aka ƙirga ba su daka a turmi, ba su jan guga, saboda haka ni ina ɗaukar adadin da 'yar tsantseni idan ana maganar iyayenmu.

Baƙin layin

Ƙashi da siminti da ƙarfe duk fari suke fitowa a hoto. Duk inda aka ga baƙi a tsakaninsu, akwai wani abu mai laushi a wurin, ko tantani, ko ruwa, ko ɗan gibi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, sau da yawa ana ganin wannan layi tun a hoton farko, washegarin tiyata. Gurbin allon kafaɗa ƙarami ne, wurin aiki a matse yake, jini yana tsattsafowa lokacin da ake danna siminti, sai ya bar siririn gibi. Wani gibin yana nan daram shekara goma sha biyar bai ƙaru ba, mai shi kuma yana harkokinsa lafiya lau. Don haka ganin layi kaɗai ba hujja ba ne.

Abubuwan da nake nema daban ne. Ina duba kaurin layin: wanda bai kai milimita ɗaya ba bai cika tayar mini da hankali ba, wanda ya kai milimita biyu ko ya wuce kuwa sai in gyara zama. Ina duba ko ya tsaya a gefe ɗaya ne ko ya zagaye robar gaba ɗaya har da 'yan ƙafafunta da suka shiga cikin ƙashi. Akwai ma'aunin Lazarus, daga sifili zuwa biyar, da muke amfani da shi don kada kowa ya riƙa faɗin son ransa. Mataki na biyar shi ne robar ta bar wurinta a fili. A ɓangaren damtse kuma ana raba kewayen sandar gida takwas, kuma idan layi mai milimita biyu ya bayyana a gida uku ko fiye, ko sandar ta nutse ko ta karkata, ana ɗaukar ta a matsayin wadda ke cikin haɗari. Amma sandar damtse ba ta cika saki ba. Robar gurbi ce mai rauni.

Sama da duk waɗannan akwai tambaya ɗaya: layin yana ƙaruwa? Ɗigon wayar nan ya gusa daga inda yake a hoton farko? Simintin ya tsage? Filin da ke tsakanin ƙwallo da allon kafaɗa ya ragu, alamar robar tana cinyewa? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya amsawa da fim guda.

Dalilin sakin kansa yawanci ba daga robar yake farawa ba. Akwai jijiyoyi huɗu da suka rungume kan kafaɗa, aikinsu su riƙe ƙwallon a tsakiyar gurbi. Idan shekaru suka ja, ɗaya ta tsinke ko ta yi rauni, sai ƙwallon ya riƙa hawa sama yana danna bakin robar maimakon tsakiyarta. Gefe ɗaya ya danne, ɗaya gefen ya ɗaga. Ka san turken da akuya ke ja nan ta ja can: ba rana ɗaya yake tugewa ba, ramin ne yake faɗaɗa a hankali. Likitocin Seattle ta Amurka ƙarƙashin Frederick Matsen ne suka bayyana wannan a 1988. Shi ya sa idan na karɓi hoton irin na Hajiya, kafin in kalli layin sai na auna tazarar da ke tsakanin saman ƙwallon da ƙashin da ya yi masa rumfa. Idan tazarar ta ragu idan aka kwatanta da da, to jijiyar sama ta tafi, kuma ina sa ran layin zai ci gaba.

Dalili na biyu shi ne ɓurɓushin robar. Yayin da take gogayya da ƙarfe tana zubar da ƙananan ɓarɓashi da ido ba ya gani. Jiki yana ɗaukarsu baƙi, ya tura sojojinsa, su kuma a garin yaƙi sai su riƙa narkar da ƙashin da ke kewaye. A hoto wannan ba siririn layi yake bayarwa ba, ramuka ne masu zagaye a cikin ƙashi. Mugun abin da ke tattare da shi shi ne yana iya ci shekaru ba ciwo.

Wanda aka yi masa na juyi kuma, abin da muke bi shi ne wata 'yar zaizaya a ƙasan wuyan allon kafaɗa, inda gefen gurbin yake bugawa idan an sauke hannu. Tana da mataki huɗu; idan ta wuce sukurun ƙasa ta doshi bayan farantin ƙarfen, magana ta girma. Muna kuma neman karyayyen sukuru da tsagewar ƙashin rumfar kafaɗa.

Yadda ake ɗaukar hoton

Nan ne muke da babbar matsala a yankinmu, kuma ba ta kuɗi ba ce. Yawancin hotunan kafaɗa da ake kawo mini an ɗauke su ne mutum ya jingina bayansa sak a jikin allo, kamar yadda ake yi wa wanda ya faɗo daga babur. Allon kafaɗa kuwa ba a miƙe yake ba, ya karkato gaba. Idan aka ɗauka a haka, ƙwallon ƙarfe yana hawa kan gurbin ya rufe ainihin wurin da muke son gani. Sai an juya majiyyaci wajen digiri 30 zuwa 40 zuwa ɓangaren kafaɗar da ake dubawa, sannan hasken zai ratsa tsakanin ƙwallo da roba. Ana kiran wannan ɗauka ta Grashey. Bayan ita dole a yi ta hammata, a ɗan buɗe hannu a harba hasken ta ƙasa, domin ita ce ke nuna ko ƙwallon ya zame gaba ko baya. Tsofaffi ba su son wannan ɗaukar saboda tana da ɗan ciwo, mai ɗauka kuma ga layi a ƙofa, sai a tsallake ta.

Ɗan bambancin juyi kaɗan yana iya ɓoye layin da yake akwai, yana kuma iya sa wanda yake siriri ya yi kamar ya ƙaru. Na sha ganin an tayar wa iyali hankali a kan cewa abu ya taɓarɓare, da aka sake ɗauka daidai sai ga shi yadda yake shekara uku da suka wuce. Na kuma ga akasin haka, wanda ya fi muni. Saboda haka ka roƙi likita ya rubuta sunan ɗaukar biyu a takarda, ka kuma miƙa wa mai ɗaukar hoton tsohon fim ɗin ya gani kafin ya tsayar da ita, don ya kwaikwayi tsayuwar. Masu ɗaukar hotonmu sun iya, sau da yawa ba a gaya musu abin da ake nema ba ne.

Yanzu sai ka koma gida ka binciko jakar da kuka dawo da ita daga Indiya. Asibitocin can sukan ba da fim ko faifan CD, da takardar sallama, da bayanin tiyata, wani lokaci har da 'yan sitikun da ke ɗauke da sunan kamfani da girman kowane ɓangare. Waɗannan sitikun suna da daraja ƙwarai, domin duk likitan da zai sake buɗe kafaɗar yana bukatar sanin kayan wane kamfani zai tarar. Idan ba ku same su ba, ka rubuta wa asibitin ta imel da lambar fayil ɗinta. Da yawa suna ajiye hotuna a kwamfuta. Fim kuma a ajiye shi a kwance cikin ambulan ɗinsa, nesa da zafi da laima, kada a naɗe, kada a bar shi a mota. Ka ɗauki hotonsa da waya ma: ka buɗe farin shafi a allon kwamfuta, ka ɗora fim ɗin, ka kashe fitilar ɗaki da filashin waya, ka tabbata kwanan wata da alamar dama ko hagu sun fito. Irin wannan ya isa a kwatanta, ko da yake ba a auna milimita da shi.

Inda hoton ƙashi yake gazawa

Idan an kwatanta an ga layin ya ƙaru, ko kuma ciwon yana ci gaba alhali hoton bai nuna komai ba, mataki na gaba shi ne CT, wato hoton na'ura mai kwamfuta da ke nuna cikin jiki yanka-yanka. Ya fi hoton ƙashi gano gibin da ke bayan robar, kuma shi ne ke nuna yawan ƙashin da ya rage a gurbin, wanda a kansa likitan tiyata zai tsara aikinsa. Ƙarfe yana watsa haske a CT ya ɓata hoton, don haka a gaya musu tun farko cewa akwai ƙarfe, su yi amfani da tsarin rage wannan walƙiya in na'urarsu tana da shi. Jijiyoyin kuwa, sikanin irin na masu juna biyu ya ishe su idan mai yin sa ya saba da kafaɗa. Yana da arha, ƙarfe ba ya hana shi, kuma ana iya motsa hannun ana kallo. MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ba shi ne na farko ba a nan. Gaɓoɓin zamani galibi ba su hana shiga na'urar, amma sai da tsari na musamman hoton yake karantuwa, ga tsada. Ban cika tura mutum ya kashe wannan kuɗi ba sai likitan tiyata ne ya nema da dalili.

Akwai abu ɗaya da babu hoton da zai iya kore shi, wato ƙwayar cuta. Kafaɗa tana da wata ƙwaya mai suna Cutibacterium acnes, wadda ke zaune a fatar ƙirji da kafaɗa, ita ce ma ke da hannu a ƙurajen fuska na samari. Idan ta shiga gaɓar roba ba ta kawo zazzaɓi, ba kumburi, ba mugunya, sau da yawa gwajin jini ma lafiya yake fitowa. Ciwo ne kawai da sanƙarewa, da layi mai ƙaruwa. A ɗakin gwaji sai an riƙe samfurin har kusan kwana goma sha huɗu kafin ta tsiro, wanda ya zubar a kwana uku zai ce babu komai. An fi samun ta a maza, kuma an fi zargin ta idan sakin ya zo da wuri, cikin shekara biyun farko, amma ko a shekara bakwai ba a rufe ƙofar ba, balle in Hajiya tana da ciwon suga. A ƙasarmu kuma ba ma mantawa da tarin fuka na ƙashi. Abin da nake roƙo shi ne kada a je kemis a sayo mata kafson kashe ƙwayar cuta don kafaɗa. Maganin ba zai kashe ƙwayar da ta manne a jikin ƙarfe ba, zai dai ɓoye ta ne daga gwaji. Likitoci sukan so a yi aƙalla mako biyu ba a sha irin wannan magani ba kafin a ɗauki samfur.

Sau nawa, kuma da illa?

Babu jadawali guda da duniya ta haɗu a kai. Abin da aka saba shi ne hoto bayan tiyata, da wajen mako shida, da wata uku ko shida, da shekara ɗaya. Daga nan wasu asibitoci duk shekara, wasu duk shekara biyu, wasu sai a ta biyar da ta goma. Ra'ayina ga wanda yake zaune a Jega ko Yauri ko Talata Mafara, wanda likitan da ya yi masa aiki yana wata nahiya: duk shekara biyu idan babu ciwo kuma hoton tsaf yake, duk shekara idan an wuce shekara goma ko an riga an ga layi. Ga Hajiya, da yake ga layi ga sabon ciwo, zan so a sake ɗauka daidai yanzu, a sake bayan wata shida. Na san halin hanya da tsadar mota, ba na son a riƙa jigilar tsohuwa ba dalili. Hoton ƙashin ana iya yin sa a Birnin Kebbi. Abin da ke bukatar tafiya shi ne ganin likitan ƙashi, ko a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kuma kai kana iya fara kai hotunan kafin a ɗauko ta.

Maganar illa kuwa, ka kwantar da hankalinka. Hasken da ke cikin hoton kafaɗa kaɗan ne, bai wuce abin da jikin mutum yake sha daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan kwanaki ba. CT ya ninka shi sau da yawa, shi ya sa ba a yin sa duk shekara, amma sau ɗaya ko biyu da dalili ga mai shekarunta ba abin tsoro ba ne.

Idan ya tabbata ta saki

Ban ga hoton ba, ban taɓa kafaɗar ba, kuma hukuncin tiyata na likitan ƙashi ne, ba nawa ba. Amma ka sani ko ta saki ba dole ne a yi aiki gobe ba. Tsohuwar da ciwonta kaɗan ne, tana iya sallarta tana cin abincinta da hannun, ana iya sa mata ido. Haɗarin jira shi ne robar da ke girgiɗi tana cin ƙashin gurbi, shi kuwa ɗan kaɗan ne, in ya ƙare aiki na biyu yana wahala. Wannan shi ne amfanin hoton wata shida. Idan aka zo aiki, ana iya cire robar kawai, ko a cike ramin da ƙashi a sa sabuwa, ko kuma, wanda aka fi yi yanzu ga masu shekaru, a mayar da gaɓar ta zama ta juyi. In akwai ƙwayar cuta, sau da yawa aiki biyu ne: a cire komai a sa siminti mai magani, a yi makonni ana allura, sannan a dawo a sa sabuwa. Ka ga kuɗin kowanne daban ne, kuma ba za a san wanne ake fuskanta ba sai an gama binciken da duk ana iya yin sa a gida Najeriya.

Kafin nan, a karɓe mata taɓarya da guga da tuƙin babbar tukunya. Likitocin kafaɗa da yawa suna hana ɗaga abin da ya wuce kilo goma a kai a kai, jarkar ruwa mai lita 25 kuwa kilo 25 ce. Na san iyayenmu, za ta ce zaman banza ne ke kawo ciwo, sai ku haɗa da jikoki su riƙa riga ta. Kada a kai ta wajen mai ɗori a ja hannun ko a murɗa, kada a yi tsaga ko ƙaho a kan kafaɗar, domin ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayar cuta. Idan kuma ta faɗi, ko hannun ya ƙi ɗaguwa farat ɗaya, ko ta ji wani abu yana ƙwanƙwasa a ciki, ko tabon ya yi ja ya fara tsattsafo da ruwa, to ba a jiran wata shida, a kai ta asibiti a wannan makon.